Kular Kifi a Jirgin Yamma

Warin ne ya fara tarar Verdell Rolle tun kafin ta zauna. A gaban kujerarta, daidai inda za ta sa ƙafa, an ajiye wata tsohuwar kular kifi ɗaure da igiya. Ɓawon kifi ya bushe a jikinta, ƙudaje na bin murfin.

Shekararta talatin a birnin Nassau, har ta manta cewa a ƙananan tsibiran nan komai a kular kifi ake aika shi, daga burodi har takalmin amarya. Da safe aka yi mata waya: farfelar kwalekwale ta yanki ƙanenta Hosea a cinya, yana kwance a ɗakin shan magani na Ƙaramin Tsibiri, ba ya ɗaukuwa. Wannan jirgin sama mai kujera biyar shi ne zangonta na ƙarshe. Mil ashirin da shida ne, ko da bakwai, tafiyar minti goma sha ɗaya. Ta ruwa kuwa awa biyar, don sai an kewaye duwatsu.

"Cleophas, fitar min da ƙazantar nan."

Matuƙin ya yi dariya. "Anti Verdell, da warin nan fa aka raine ki. Minti sha ɗaya ne, ki toshe hanci."

"To ka jefa ta baya."

"Baya da zafi. Nan aka ce ta zauna, nan za ta zauna."

Ya wuce rumfa don sa hannu a takarda, da sauri, domin rana ta yi ƙasa. Filin jirgin can ba shi da fitila, daga wannan sawun sai gobe.

Wani ruwa mai sanyi ya ɗigo daga gindin kular, ya gangaro kan farin takalminta. Ta dubi rumfar, ta ga bayan Cleophas. Ta ɗaga kular, ta ji ba ta da wani nauyi. Ta sauka da ita, ta cusa ta cikin tarin kuloli marasa komai da ke jikin shinge, ta dawo ta ajiye jakarta a gurbin, ta goge yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

Suka tashi. Teku ta yi kore a ƙasa, sannan shuɗi. Verdell ta shaƙi iska mai tsabta tana yi wa ƙanenta addu'a.

Da suka sauka rana ta taɓa ruwa. Ismae, ma'aikaciyar jinyar tsibirin, ta taho a guje, ta wuce Verdell ko gaisuwa babu, ta leƙa cikin jirgin.

"Cleophas, ina kular? Jinin da za a ƙara wa Hosea yana ciki."