Littafin da Aka Kasa Biyar

A zaure, rabon gadon Malam ya zo kan littafinsa. Tsohon rubutun hannu ne kan adalcin masu mulki, warƙoƙinsa a sake cikin gafaka, babu ɗinki. 'Ya'ya uku ya bari, maza biyu da autarsa mace. Yayyenta biyu kowa ya kafe, albarkar mahaifi ce, ba mai bar wa wani.

"To, a raba," in ji babban. "Takarda ai tana ƙirguwa."

Aka kasa biyar, maza bibbiyu, ita ɗaya. Tana kallo ta bayan asabari, kamar hatsin wani ake aunawa. Ita kaɗai Malam yake biya wa littafin, kullum warƙa guda, har ciwo ya kwantar da shi. Ba wanda ya tambaye ta.

Babban ya ɗauki kasonsa, ya hau jirgin ƙasa a Gagarawa Tasha. Ƙaramin ya bi ayarin Damagaram da nasa.

Ta buɗe kasonta. Farkon littafin ne, ya ƙare daidai inda suka tsaya ita da Malam. A gindin warƙar ƙarshe, kamar yadda marubutan dā suka saba, ga kalmar farko ta shafin gaba, ita kaɗai. Ta ɗora yatsa a kanta, tana jira Malam ya juya warƙar.