Mai Fito da Akwatin da Ba Ya Yoyo

Tun da ka ce kai ba ka tsaron abu da wasa, bari in ba ka misalin wani mai fito. A bakin wani babban tafki yake, irin wanda aka datse kogi aka yi, ruwa ya haɗiye gonaki da itatuwa. Itatuwan sun mutu amma kututturansu na nan tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma su ne masu farke cikin jirgi idan ruwa ya janye. Mutumin nan ya tsufa a kan jirgi, yana ƙetarar da mutane da kayansu zuwa kasuwar tsallake. Da ido ya fara gajiya, sai ya sayi kwamfuta irin wadda ke nuna zurfin ruwa da abin da ke kwance a ƙasa. Mai haɗa na'ura ya zo daga birni ya kafa masa ita a ƙarƙashin rumfar jirgi, sama da inda ruwa ke fallatsa. Ya shimfiɗa mata robar taya don kada jijjigar inji ta kwance mata hanji, ya ja waya zuwa batir, ya sa ta cikin akwatin katako mai gilashi a gaba. A gefen akwatin kuma ya huda 'yan ramuka. Da zai tafi ya ce, "Baba, waɗannan ramukan kada a taɓa su, ta nan take shan iska." Mai fito ya ce, "To, Allah ya yi albarka." Amma a ransa dariya yake yi wa yaron birni, wanda bai taɓa kwashe ruwa da ƙwarya a tsakiyar tafki ba.

Ba wawa ba ne, kada ka ɗauka haka. Mutum ne da tun yana ƙarami aka koya masa cewa rami a jikin jirgi ajali ne, ko da bai fi ƙofar allura ba. Ubansa ya sha dukansa a kan yoyo. Saboda haka duk sanda ya ɗaga kai ya ga ramukan nan sai ransa ya ɓaci, ya ji kamar ya bar ƙofar gida a buɗe ya tafi kasuwa. Ran nan aka yi yayyafi, ya ga ɗigo biyu a bayan akwatin, shi ke nan magana ta ƙare. Ya yage tsumma ya cusa a kowane rami da bakin wuƙa, ya narka kwalta ya bi ya shafe, kamar yadda yake yi wa katakon jirgi. Bai tsaya nan ba, ya naɗe akwatin da leda ya bar gilashin kaɗai. Aikin ya yi kyau ƙwarai, don a wajen liƙe yoyo babu na biyunsa a bakin tafkin nan. Har kiran 'yan'uwansa masu fito yake yi su zo su gani, yana watsa wa akwatin ruwa da hannu yana cewa, "Ku duba, ko kogi ya tashi tsaye ba zai same ta ba."

Kwanakin sanyi na'ura ta yi ta aiki, sai dai wani lokaci ya ji fankar cikinta na kuka, ya ce ai ƙarfi ne. Da ya saba da ita, sai ya bar tsohuwar hanyar da ya sani da ka, ya koma wata gajeriya da ke ratsa tsakiyar kututturan, inda sauran masu fito ba sa kusanta. Bazara ta kama, ruwa ya ja baya, rana ta buɗe. Wata ranar kasuwa ya loda buhunan albasa na waɗansu mata 'yan kasuwa, su ma suka hau suka zauna a kan kayansu. Suna tsakiyar wurin nan, rana na tsaka, sai ya ji warin roba na ƙonewa. Ya duba gilashi, hoton ya yi rawa ya ɗauke. Ya buga akwatin da tafin hannu, ya janye da sauri don zafi. Ga shi a inda bai san ko taku ɗaya ba sai da ita. Kafin ya rage wuta, jirgi ya hau kan kututture, katako ya tsage, ruwa ya shigo ta ƙasa, ta inda bai taɓa tsammani ba a ranar.

Allah ya sa akwai masunta kusa, suka kwashe mutane, ba a rasa rai ba. Albasa kam ta tafi, jirgin da ya ci da iyalinsa shekara da shekaru ya kwanta a kan kututture, baki a sama. Da aka janyo abin da ya rage zuwa gaɓa, komai ya jiƙe sharkaf, har hular kansa. Ya zauna a kan yashi, ya sa wuƙa ya kankare kwaltar, ya buɗe akwatin. Ciki a bushe ƙayau, ko raɓa babu. Kwamfutar na kwance a ƙone, ta dahu a cikin zafin kanta. Baƙin ciki ya kama shi, don a duk jirgin nan abu ɗaya ne ruwa bai taɓa ba, shi ne kuma abin da ya riga komai mutuwa. Wannan shi ne Hausawa ke cewa, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.