Fiton Bayan Ƙofa

"Daga jininku ne! Mu a danginmu ba mai asma," in ji ɗana.

"Likita ta ce bincike ya nuna ana gadonta ta uwa ko ta uba," matarsa ta amsa a gajiye. Kwananta uku a asibiti tana jinyar jikata. "Ka bar wannan. Abin shaƙarta wata guda yake yi. Wa ya zuƙe shi cikin sati biyu, har numfashi ya sarƙe aka nema babu?"

Ina laɓe bayan ƙofa, sana'ata ke nan. Ni na ɗora masa wannan karatun na jini, ni na yaɗa shi a layinmu, har da ƙarin gishiri.

Sai ƙirjina ya ci amanata. Fiii, kamar butar shayi. Shekara sittin ina kiran wannan fito mura.

A ɗakin aka ji. Matar ɗana ta buɗe ƙofa, ta miƙo mini sabon abin shaƙar da ta sayo.

"Ja biyu, Mama."

Na girgiza shi, na cire murfi, na ja. Ko tambayar yadda ake yi ban yi ba.

Ta karɓe abinta, ta saɓi 'yarta, ta fita ta bugo ƙofar.