Zaren Gawayi a Murhu

Mugun zato guba ne, kuma mai shi yake fara kashewa.

Da wani mutumin Gwandu ya fizgo wata 'yar kwalba daga jakar ƙanensa, wanda ya dawo daga karatu a Japan, sai ƙanen ya miƙe.

"Yaya, don Allah ajiye! Gumina ne na shekaru."

"Baƙin abu a rufe ruf? Ni za ka yi wa asiri saboda gonar gadonmu ta Malisa?"

"Zaren gawayi ne, Yaya, ido ba ya ganin sili ɗaya don siranta. Na jera su kamar kunyoyin gona don lantarki ya bi ta ciki. Wata rana rediyo zai koma kamar ƙwayar gero. Shi zan nuna wa manya su ba ni aiki a gida."

Ina! Wani boka a Kalgo ya riga ya cika wa wan kunne. Ya wurga kwalbar cikin murhu, ta fashe. Ƙanen ya ɗauki jakarsa ya fita.

Tsohuwarsu ta fito tana salati. "Kaiconka! Tun jiya ya gaya mini ya bar maka gonar duka."

Kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Gona ta zama tasa, amma ya rasa ƙane, wanda bai sake taka Gwandu ba. Ya rasa uwa, wadda har ta koma ga Allah ba ta ɗanɗani hatsin gonar ba.