Ranar da Reshen Agwada Ya Zo Keffi

Da aka sanar cewa reshen ƙungiyar 'yan mata na Agwada zai haɗe da na Keffi, shugabar reshen Agwada, wata tsohuwar malamar firamare, ta ɗauka cewa tausayinsu aka ji. Yara bakwai kaɗai suka rage mata. Ta zuba su a mota ɗaya, tana ta ja musu kunne a hanya.

"'Yan birni ne, kuma suna da yawa. Kada ku yarda su raina ku."

Suka iso ajin da ake taro a unguwar Liman Abaji da ke Keffi. Kujeru sun cika ɗakin, amma 'yan mata huɗu ne kawai zaune tare da shugabarsu.

"Hajiya, sauran suna hanya ne?" in ji Malama.

"Su ke nan, Malama. Wasu sun bi iyayensu Mararaba, wasu suna aikatau a Abuja. Ni na roƙi a haɗa mu da ku, kafin a rufe mu."

Malama ta jima tana kallon kujerun da babu kowa. Sai ta juya ga yaranta.

"Ku shiga tsakaninsu ku zauna. Idan mun ɗauko waƙa ku ɗaga murya, ɗakin nan da girma."