Na'urar da Ta Nuna Gabas

Hadari ya rufe sararin Daura, man ƙaramin jirgin saman Alhaji Audi ya kusa ƙarewa. Sai na'urorin GPS biyu da yake gwadawa don ya zaɓi ɗaya suka saɓa. Mai tsadar ta nuna gabas, mai arahar ta nuna yamma.

"Bi mai tsadar," in ji Alhaji, gumi na keto masa.

Zulfa matuƙiyar jirgin ta cije leɓe, ta karkata yamma. Da ƙyar suka sauka a filin gonarsa ta Dutsi.

Alhaji ya nuna mai tsadar. "A mayar da maƙaryaciyar nan, saura ƙiris ta kashe mu."

Zulfa ta duba fuskar na'urar. "Alhaji, wa ya rubuta mata sunan garin?"

"Ni da hannuna."

"To, gaskiyarta. Dutse ka rubuta, ta Jigawa, ba Dutsi ba."