Fassarar Injiniya

Injiniya ya soke kalmar da jan biro, ya tura takardar gefe.

"Ɗaure layi? Akuya ce da za a ɗaure?"

Malamar Hausa ta sunkuyar da kai. Kafinta, wanda ya kawo kalmar, ya ci gaba da kallon kwamfuta.

Asabar ta uku ke nan suna haɗuwa a ɗakin zane na makarantar koyon sana'a. Shugaban makarantar ne ya haɗa su aiki. Akwai wata manhajar zanen injiniyoyi da ɗalibai ke amfani da ita, jagorar koyonta kuwa tana intanet, shafi arba'in, da Turancin da yaran ba sa ganewa. Ana so su mayar da ita Hausa, su ƙara bayani, kafin sabon zango. Injiniya ya san manhajar, Malama ta san harshe. Shi kuwa Kafinta, dattijon da ke kula da ɗakin katako, Injiniya bai ga abin da yake kawowa ba, ban da garin katakon da yake bari a kan kujera.

An ce wai yana zana kujerunsa a kwamfuta kafin ya yanka. Injiniya ya ji, ya taɓe baki. Mutumin da sai Malama ta karanta jimla ta fassara masa, shi ne zai sa baki a aikin masana?

Marubucin jagorar bai sa sunansa ba, laƙabi kawai ya bari. Amma Injiniya ya riga ya hango shi: wani farfesa a ƙasar waje, mai tabarau da furfura.

"Ku dubi tsari," in ji shi. "Da ƙafar tebur ya fara, don ya san yadda ake saukowa daidai da ƙananan ƙwaƙwale."

"Aljihun tebur ke biye," in ji Kafinta.

Malama ta buɗe shafi na gaba. Aljihun tebur ne. Injiniya ya ce ai ko yaron goye zai canka.

Haka suka yi ta tafiya. Duk kalmar da Kafinta ya kawo, sai Injiniya ya musanya ta da wata mai tsawo. Inda dattijon ya ce a ɗaure layi, ya rubuta "ƙayyadewar lissafi". Inda ya ce a haɗa baki biyu, ya rubuta "daidaituwar ɗigogi". Malama ta ce ita kanta sai ta karanta sau biyu. Ya tuna mata cewa ita waƙa da karin magana take koyarwa.

A mataki na bakwai abin ya ɓaci. Malama ta fassara jimlar: a sa layin ƙasa ya miƙe tsaye.

"Nan akwai kuskure, ranka ya daɗe," in ji Kafinta. "Ba tsayuwa irin ta sanda ake nufi ba. So ake layin ya tsaya wuri guda, kada ya motsa."

"Kai ne za ka gyara wa marubucin Turancinsa?"

"Akwai wani littafi a wurina, da za ka duba..."

"Na awon ƙofofi? Ajiye kayanka, Malam."

Ranar Litinin Injiniya ya shiga ofishin Shugaba, ya ce ko shi ko kafinta. Da aka gaya wa dattijon, sai ya ce Allah ya ba da sa'a, ya koma wurin zartonsa.

Cikin sati biyu Injiniya ya kammala, ya sa sunansa da manyan haruffa a bango, na Malama a ƙasa. Aka zaunar da ɗalibai goma sha biyu don gwaji. A manhajar, in zane ya yi daidai yakan koma kore. Su goma sha biyun suka kai mataki na bakwai, zanen kowa ya murɗe ya yi ja.

"Laifin takarda ne in kanku babu komai?" in ji Injiniya. Shi da kansa ya zauna ya gwada, nasa ma ya yi ja. Ya ce kwamfutocin makarantar sun tsufa.

Bayan hutun rana, 'yan mata biyu suka dawo da zanensu kore shar. Da aka matsa musu, suka ce ɗakin katako suka je.

Wannan ne ya ƙona wa Injiniya rai. Ya rubuta wa mai laƙabin nan wasiƙa doguwa, da Turancin da ya kwana biyu yana gogewa. Ya jero digirinsa, ya faɗi sunan makarantar, ya yaba hikimar marubucin. Sannan ya kai ƙarar wani kafinta da ko jimla ɗaya ba ya iya karantawa, amma yana ruɗa ɗalibai da cewa akwai kuskure a jagorar. Ya roƙi a yanke hukunci.

Amsa ta iso ranar taron malamai. Ko buɗewa bai yi ba, ya nemi Shugaba ya ba shi minti biyu, don kowa ya ji daga bakin mai abu. Ya miƙe, ya gyara wuyan riga, ya danna saƙon. Ya ɗan yi turus da ya ga da Hausa aka rubuto, amma idanu na kansa, sai ya karanta da ƙarfi.

"Na gode da yabo, amma ni fassarawa kawai na yi zuwa Turanci, kuma kuskuren mataki na bakwai nawa ne. Asalin jagorar da Hausa Babana ya rubuta ta a littafinsa, kuma ba sai kun yi nisa ba, shi ne mai kula da ɗakin katakon makarantarku."